Facin Kwalta da Zafin Infirared: Fa'idarsa da Sharuɗɗansa

Duk wanda ya saba bin titunan birni, ya kuma ba idonsa damar lura da abin da taya ke takawa, ya san cewa facin da ake yi wa kwalta ba daga tsakiya yake fara mutuwa ba, daga baki yake farawa, wato daidai layin nan da sabuwar kwalta ta haɗu da tsohuwa. A nan ake fara ganin siririn tsagi, damina ta zo ruwa ya sami ƙofa, tsakuwa ta soma zarewa ɗaya bayan ɗaya, kafin a ankara ramin da aka cike bara ya dawo bana, har ya fi da faɗi. Jama'a kan ɗora laifin duka a kan ha'incin ɗan kwangila, kuma sau da yawa ba su zalunce shi ba. Amma akwai wata illa da ke cikin hanyar gyaran ita kanta, wadda ko ma'aikaci mai tsoron Allah ne ya yi aikin ba zai kuɓuta daga gare ta sarai ba. Don kauce wa wannan illa aka ɓullo da dabarar gasa tsohuwar kwalta a inda take da zafin infirared, dabarar da ta yaɗu a Amurka da Kanada da Ingila, wadda kuma ya kamata mu san haƙiƙaninta tun kafin masu talla su iso mana da ita suna cewa ita ce ƙarshen rami.

Abin da muke kira kwalta gauraye ne na tsakuwa da yashi da garin dutse, waɗanda su ne kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta, da kuma baƙin danƙon nan da ke saura a ƙarshen tace ɗanyen mai, wanda bai fi kashi 5 ko 6 ba, alhali shi ne ke riƙe da sauran duka. Ɗan Adam ya daɗe da sanin wannan danƙo, don kuwa mutanen da na ƙasar Iraƙi suna ɗebo shi daga maɓuɓɓugan garin Hit suna gini da shi, Bature Walter Raleigh ma ya liƙe jiragensa na ruwa da wanda ya taras a tafkin Tirinidad a shekarar 1595, sa'an nan a 1870 aka shimfiɗa shi a titi a garin Newark na Amurka. Ɗabi'ar da Allah Ya halitta masa, wadda duk bayanin nan ya rataya a kanta, ita ce idan ya ji zafi ya yi taushi, idan ya huce ya taurare, in aka sake gasa shi ya sake yin taushi. Siminti ba haka yake ba, shi in ya kama ya kama ke nan har abada. Sai dai danƙon yana tsufa: iska da rana suna cinye sashen maiƙon da ke cikinsa, su bar sashen da ke da tauri, shi ya sa titin da aka shimfiɗa baƙi ƙirin yakan koma ruwan toka bayan 'yan shekaru, kuma maimakon ya ɗan lanƙwasa a ƙarƙashin nauyi ya koma daidai, sai ya tsage.

Da zarar ya tsage, sauran aikin na ruwa ne. A ƙasashen sanyi ruwan yakan shiga tsagin ya daskare, da yake kuma ƙanƙara ta fi ruwanta girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ta buɗa tsagin ta ɗaga kwaltar, in ta narke ta bar kogo a ƙasa, mota ta taka ya rufta. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da ruwan Agusta da ke kwana a kan titin da magudanarsa ta toshe da leda da yashi, ya jiƙa burjin da ke ƙasa har ya zama taɓo, kowace taya ta wuce ta matso shi waje ta cikin tsagin. Sababi ya bambanta, sakamako ɗaya ne.

To, yaya aka saba gyarawa? Mafi ƙasƙancin hanya ita ce a watsa kwalta mai sanyi cikin ramin, motar aikin ta bi ta kai da taya, a wuce. Wannan ba ya bukatar dogon sharhi, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Hanyar da littattafan injiniyoyi suka yarda da ita ita ce a yanke wurin da zarto ko injin fasa titi a yi masa kusurwa huɗu, a kwashe ɓaraguzan, a share, a shafa ruwan kwalta a ƙasa da gefuna, a zuba sabuwa mai zafi, a danne da rola. Aiki ne mai kyau in an cika sharuɗɗansa, amma dubi abin da ke faruwa a bakin yankan: kwalta mai zafin digiri 150 ta jingina da bango mai sanyi, nan take gefenta ya huce tun rola ba ta gama danne shi ba, ya zama shi ne wuri mafi yawan ƙofofin iska a cikin facin duka. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, gama wani bincike da aka yi a jihar Washinton ta Amurka, aka buga a 1989, ya nuna cewa idan iskar da ta saura cikin kwalta ta haura kashi 7 cikin 100, kowane ƙarin kashi ɗaya yana rage mata kusan ushurin rayuwarta. Maƙeri ya san wannan hukunci tun kafin injiniya: in yana son ƙarfe biyu su zama ɗaya, dukansu yake sawa cikin wuta su yi ja, ba ya ɗora jan ƙarfe a kan mai sanyi ya ce guduma za ta haɗa su. Abin da ruwan kwalta ke yi a gefen yanka liƙi ne kawai, jikin biyu yana nan biyu.

Shi zafin infirared ba baƙon abu ba ne, shi ne wanda kake ji a fuskarka in ka fuskanci garwashi daga nesa ko da iskar da ke tsakaninku mai sanyi ce. Masanin taurari William Herschel ne ya gano shi a 1800, yayin da ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya ga ma'aunin da ya ajiye gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, ya fi sauran hawa. Injin gyaran titi kuwa faffaɗan faranti ne da ake kifawa a bisa wurin da ya lalace, a ɗan tazara kaɗan, iskar gas tana ci a cikinsa tana gasa ragar ƙarfe ko shimfiɗar tangaran har ta yi ja, ita kuma ta watsa zafin ƙasa ba tare da harshen wuta ya lashi kwaltar ba. Akwai ƙanana da mutum ɗaya ke turawa, akwai manya da ake ja a bayan mota tare da akwatin da ke riƙe sabuwar kwalta da ɗuminta har kwana ɗaya ko biyu.

Ga yadda aikin ke tafiya. Da fari a share ƙura da yashi, a tsane ruwa in akwai, domin zafin da ya tafi wajen ƙafar da ruwa asara ne. Sai a kifa farantin ta yadda zai rufe ramin ya kuma zarce shi ta kowane gefe, a bar shi minti bakwai zuwa goma gwargwadon yanayin gari da shekarun titin, har kwaltar ta yi taushi zurfin kamar inci biyu, zafinta ya kai wajen digiri 150 ko 160. A janye farantin, a kankare ɗan saman da ya ƙone in akwai, a tsaga iyakar facin da bayan manjagara, sa'an nan a barbaje cikinsa. A nan ne asirin yake, domin ba a barbaje duk wurin da aka gasa. Ana barin wani zobe mai faɗin kamar taƙi guda kewaye da facin, mai zafi amma ba a taɓa shi ba. Sai a fesa wani mai da ke mayar wa tsohon danƙo maiƙon da rana ta cinye, a ƙaro sabuwar kwalta gwargwadon abin da ramin ya ci, a gauraya, a baje, a kawo rola a fara da gefuna kafin tsakiya. Da yake facin da zoben nan duka masu zafi ne, rola tana cusa tsakuwar wannan cikin danƙon wancan, su huce tare su zama jiki ɗaya, ruwa ya zo ya rasa layin da zai bi. Mutum biyu ko uku sun isa, matsakaicin rami ba ya cin fiye da rabin sa'a, ba ƙarar injin fasa titi, ba tipar da za ta kwashe ɓaraguzai, kuma da facin ya huce motoci su hau.

A nan ya wajaba in gyara wata magana da masu sayar da injin ke yawan faɗi, cewa wai zafin yana ratsa kwalta ya dafa ta daga ciki. Ba haka al'amarin yake ba. Fuskar titin ce ke shanye zafin, daga nan yake sauka a hankali daga tsakuwa zuwa tsakuwa, kwalta kuwa ba ta da saurin miƙa zafi. Ma'anar wannan ita ce sama kullum ya fi ƙasa zafi nesa ba kusa ba, kuma ma'aikacin da ya ƙosa ya ƙara wuta don ya gama da wuri zai ƙone danƙon sama ƙurmus alhali na ƙasa bai motsa ba. Danƙon da ya ƙone kuwa ba man da zai raya shi. Saboda haka injunan kirki suke kunna kansu suna kashewa bi da bi, don a ba zafin lokacin sauka. Fifikon farantin a kan tocilan wuta da wasu ke hura wa titi shi ne daidaita zafi da raba shi, ba wani sihiri ba. Aikin yana bukatar mai ido, wanda ya san bambancin farin tururi da shuɗin hayaƙi, yana kuma riƙe da ma'aunin zafi yana aiki da shi.

Ba banza dabarar ta yi ƙarfi a ƙasashen da ta yi ba. A arewacin Amurka da Kanada masana'antun dafa kwalta sukan rufe in sanyi ya tsananta, daidai lokacin da ramuka ke fashewa, don haka duk hanyar da za ta bar ma'aikaci ya yi gyara mai zafi da kwaltar da ke wurin, da ɗan abin da ya tanada a akwati, ni'ima ce gare su. Haka nan ladan ma'aikaci a can yana da tsada, zubar da ɓaraguzai sai an biya, rufe titi na yini guda yana jawo ƙorafi, kuma tun tashin farashin mai na 1973 suka ɗauki sake amfani da tsohuwar kwalta da muhimmanci. Galibin aikinta kuma ƙanana ne: filayen ajiye motoci, kewayen murafun magudanai, loɓawar da ruwa ke taruwa ciki, wurin da tsakuwa ta fara zarewa, da ramin da kamfanin ruwa ko na gas ya haƙa ya mayar. Ba wanda ke sake gina babbar hanya da ita.

Yanzu sai mu zo ga iyakarta, wadda a ganina ta fi fa'idarta bukatar a tsaya a kanta, domin kowane hukunci yana da sharaɗi, in sharaɗi ya faɗi hukunci ya faɗi. Farantin inci biyu yake taɓawa, titi kuwa gini ne mai hawa hawa: kwalta a sama, dakakken dutse ko burji a ƙarƙashinta, sa'an nan ƙasar asali. Idan ka ga fuskar titi ta tsattsage ƙanana ƙanana a daidai inda tayoyi ke bi, ko ka ga tana numfashi in babbar mota ta taka, tana fitar da jan ruwa, to ɓarnar daga harsashi take, kuma ko an gasa saman sau goma zai sake tsagewa a kan tsohon zanensa. Irin wannan wuri ba makawa sai an haƙe shi har a kai ga ƙasa mai ƙarfi, an gyara magudana, an sake ginowa daga tushe. Abin da ke kashe harsashi kuwa, baicin ruwa, nauyi ne. Gwajin da Amurkawa suka yi a garin Ottawa na jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960, inda suka yi ta zagaya motoci masu nauyi iri iri a kan titunan gwaji, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: in nauyin da ke kan jerin tayoyi ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Wanda ya taɓa ganin tirelar siminti ko ta hatsi da aka yi wa lodi ya wuce ƙa'ida tana tafe tana nishi, ya san ramukan manyan hanyoyinmu ba irin waɗanda faranti ke warkarwa ba ne.

Akwai sharaɗi na biyu da ya shafe mu fiye da Turawa. Hanyoyi da yawa na karkara da na ƙananan garuruwa a arewacin Nijeriya ba a shimfiɗa musu dafaffiyar kwalta mai kauri ba, an dai fesa danƙo a kan burji an watsa tsakuwa an danne, sau ɗaya ko biyu, kaurin duka bai kai na yatsa biyu ba. A irin wannan titi babu abin da za a gasa a barbaje, manjagara tana shiga za ta tarar da jar ƙasa. Haka wurin da dizal ya jiƙa, kamar inda tankoki ke kwana a Tafa ko Mararrabar Jos, domin dizal yana narkar da danƙo, sai an kwashe wurin an zubar. Haka wurin da aka ƙona taya. Haka kuma ramin da yara suka cike da ƙasa da ɓaraguzan bulo suna miƙa hannu ga direbobi. Niyyarsu ta alheri ce ko ta neman na tuwo, amma sai an fid da abin da suka zuba kaf kafin a yi maganar zafi.

Shin ke nan ba ruwanmu da wannan dabara? A'a, tana da gurbi, sai dai ƙuntatacce ne: titunan cikin manyan birane irin Abuja da Kaduna da Kano waɗanda ke da kwalta mai kauri a kan harsashi mai lafiya, musamman inda aka tsaga titi don wuce da bututun ruwa ko wayar sadarwa, wanda yawancin ramukan unguwanni daga irinsa suke samo asali. Tana da wata fa'ida kuma da ta fi nauyi a wurinmu, wato tsimin danƙo. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen da ke fitar da danƙon kwalta daga ɗanyen mai mai kauri da ake shigowa da shi, amma ta daɗe ba ta aikin da aka gina ta dominsa. Taskar danƙon da ke ƙarƙashin ƙasa a Agbabu ta jihar Ondo kuwa, wadda aka sani tun farkon ƙarni na 20, har yau ba ta zama abin dogaro ba. Galibin danƙon da muke shimfiɗawa daga waje yake zuwa, da kuɗin waje ake sayensa, saboda haka kwashe wanda ke kan titi a zubar a juji, alhali ana iya raya shi, israfi ne bayyananne. Sai dai a ɗora kuɗin iskar gas da na man rayarwa da na kayan gyaran injin a ɗaya gefen sikeli, gama su ma ba kyauta ba ne, kuma injin da aka rasa mai gyara shi a gari ya zama tarkace a harabar ma'aikata.

Sharaɗi na uku shi ne mafi wuya, domin ba na injin ba ne, na mutane ne. Wannan dabara ta wanda ke zuwa da wuri ce. Tana aiki a kan tsagi da ƙaramin rami wanda ruwa bai riga ya kai ga burjinsa ba, wato a cikin wani ɗan taƙaitaccen wa'adi tsakanin bayyanar aibi da rubewar tushe, wanda damina guda kan iya rufe shi. Hukumar da ba ta waiwayar titi sai ya kai matsayin da za a ba da kwangilar sake shi, a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ba ta da abin da za ta yi da faranti, don duk ramin da za ta kai shi wa'adinsa ya shige. Bankin Duniya ya yi lissafin wannan ɗabi'a tun 1988, inda ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 masu tasowa sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45 saboda sakaci da kulawa, asarar da ƙasa da dala biliyan 12 ta isa ta hana. Nijeriya ta kafa hukumar FERMA a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, a 2007 aka gyara dokarta aka tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da dizal don gyaran hanyoyi, kashi 40 na abin da aka tara ga hukumar, 60 ga jihohi, amma tanadin bai gudana yadda doka ta tsara ba. Ba kuma za mu ce tunanin baƙo ne gare mu ba, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin wajiban shugaba, kuma malaman hisba sun sa duba lafiyar hanya cikin aikin muhtasibi na yau da kullum, ba sai an kawo ƙara ba. Abin da injin ke nema ke nan: mutum mai albashi da littafi, wanda ke zaga unguwa yana rubuta tsagi tun yana tsagi.

Saboda haka in wata hukumar birni ta yi sha'awar sayen wannan injin, shawarata ita ce kada ta fara da yawa, kada kuma ta gamsu da nunin da mai talla zai yi a gaban manya, domin kowane faci kyakkyawa ne ranar da aka yi shi. Ta zaɓi titi ɗaya wanda aka haƙa aka tabbatar da kaurin kwaltarsa da lafiyar harsashinsa, a watan Oktoba bayan ruwa ya ɗauke ƙasa ta tsane, ta gyara rabin ramukansa da yanka da cikawa, rabi da faranti, ma'aikata ɗaya, rola ɗaya, kwalta daga masana'anta ɗaya. A rubuta wurin kowane faci da girmansa, da gas ɗin da ya sha, da sabuwar kwaltar da aka ƙara masa, da mintocin da titi ya yi a rufe. A riƙe wani kaso na kuɗin aikin kada a biya, sa'an nan bayan damina biyu a aiko wanda ba shi da hannu a cinikin ya bi gefunan facin ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga waɗanda suka buɗe a kowane ɓangare, a raba kuɗin da aka kashe da adadin waɗanda suka tsira.